Saurayin da Ya Shigo Gaida Iya da Takalmi a Hammata

'Yan uwana masu karatu, ku gyara zama. Masu ƙorafin na yi shiru kwana biyu ku yafe ni, gidanmu ne ya hargitse a kan takalmi ƙafa biyu, kuma saura ƙiris aurena ya tafi a ciki. Mai takalmin ya ba ni izini in rubuta komai, sharaɗinsa ɗaya ne, kada in ce ya yi kuka. To bai yi ba, ku shaida.

Saboda sababbin zuwa, sunana Afra'u, 'yar Malam Dalhatu mai sayar da taki a nan Rano. Sana'ata lalle. Daga Rano har Rurum Tsohon Gari, da wuya a yi bikin da ban zauna a gaban ƙafar amarya ba. A gidanmu Baba ne mai gida, amma wuƙa da nama suna hannun mahaifiyarsa, Iya. Abin da Iya ta ce a'a, ko liman ya zo da rawaninsa ba zai mayar da shi e ba. Umma kuwa ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta kamawa, balle ta sa baki a maganar aurena.

Ni da Iya muna da cuta iri ɗaya. Tun da Baba ya haɗa mana sola muka kamu da kallon finafinan 'yan sandan bincike masu dogon zango, waɗanda ake fassarawa da Hausa. Ni nake zuwa bakin tasha a tura min a kati. Da farko Iya cewa take shirme ne da ɓata lokaci. Yanzu da an sallame la'asar ita ce take kore kaji daga ƙofar falo, ta ja kujerarta 'yar tsugunne har gaban talabijin, ta ce in kunna mata mutuminta.

Mutumin nata wani sufeto ne da aka harbe abokin aikinsa a gabansa. Tun daga ranar bai ƙara dariya ba. Gemu ya cukurkuɗe, ido ya yi ja. In ana ruwa yana tsaye a jikin taga yana kallo kamar an aiko shi ƙirga ɗigo. In ya kwanta sai ya farka da ihu. In ya shiga banɗaki sai ya naushi madubi, sannan ya zauna da kayansa a ƙarƙashin shawa ruwa yana ta zuba. Wannan wurin ne yake ƙona wa Iya rai, kullum sai ta ce da gani bawan Allahn nan bai taɓa sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Duk fim ɗin da muka ɗauko, wanda masifa ta taɓa faɗa wa haka yake. In mace ce ta ɗauki almakashi ta datse gashinta a gaban madubi. In namiji ne ƙofa ta buga ya yi tsalle ya kwanta a ƙasa yana laluben bindiga. Mafi hatsari kuma shi ne mai yawan fara'a, wanda kowa yake cewa ya warke, don sai an kusa ƙarshe za a gane shi ne ya fi kowa lalacewa. Na kalli irin wannan har na ɗauka na zama likitar zukata. Ina ganin da mutum ya shigo zan faɗa muku abin da ya taɓa samunsa.

Sai ga Uzairu.

Ɗan Kahu ne ta Kibiya, fatauci yake da albasa zuwa Kudu. Na je yi wa ƙanwarsa Lubabatu lallen biki, da aka tashi aka ce shi zai mayar da mu Rano a motarsa ta ɗaukar kaya. Muka cika bayan mota da mata, duk turaren da muka fesa albasa ta cinye shi. Tun daga Kahu yake ba mu haƙuri ta taga yana ba mu dariya, wai kada mu damu, duk wadda ta koma gida a haka ba za a tambaye ta me ta sa a miya ba. Da na sauka ya ce lambata yake so saboda yana da ƙanne da yawa masu jiran aure. Daga baya na gano Lubabatu ce autarsu.

Dogo ne, baƙi, mai wushirya. In zai zo zance shadda yake sawa ruwan sararin sama ko ruwan toka, hula a karkace kaɗan, takalmi sau-ciki ruwan ƙasa da yake gogewa har yana ɗaukar ido, da safa ko da garin ya yi zafin da ƙadangare yake neman inuwa. Ban taɓa zama da shi na tashi haƙarƙarina bai yi ciwo don dariya ba. Ina sonsa, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba.

Da magana ta fara nisa, Baba ya tura ƙanwarsa Gwaggo Jumai, wadda take aure a Nariya ta Kibiya, ta yi bincike. Ta dawo ranar wata Lahadi, ta sha fura ta goge baki, sannan ta zazzage. Asali mai kyau, salla a kan lokaci, ba ya shan komai, ba a taɓa jin sa da kowa ba. Sai ta rage murya ta ce amma fa akwai abu ɗaya. Shekarun baya masu garkuwa sun tare motarsu a hanyar Kudu, sun shiga da su daji, an sha wuya kafin a karɓo su. Ta ce ita dai ta ji ana cewa wanda aka shiga da shi daji ba ya dawowa duka.

Na dubi Iya, Iya ta dube ni. Na san sufeto ne ya faɗo mana a rai mu duka biyun.

Daga ranar na buɗe bincike. Da yamma na tura masa saƙo.

"Kana da madubi a ɗakinka?"

"Akwai. Amma tun da kika ce ina da kyau na daina duba shi."

"Ban taɓa cewa ba. Lafiyarsa ƙalau? Bai fashe ba?"

"Afra'u, ni kike so ko madubin?"

Na bar wannan. Bayan kwana biyu hadari ya haɗo, na sake gwada shi, na ce in ana ruwa me yake yi, yana tsayawa a taga yana tunani? Ya ce in ana ruwa gudu yake yana rufe albasa da tamfol, wanda ya tsaya tunani a taga ai ba shi da kaya a waje. Na tambaye shi barci, ya ce ƙorafin mutanen gidansu ɗaya ne, minshari.

Iya ta ce saƙon waya ba ya kama mai laifi, a yi masa gwajin tire. Ita ta tsara komai. Ranar da ya zo zance bayan la'asar na sa atamfata mai ganye-ganye, na yafa mayafi ruwan goro, na kai masa zoɓo a zaure. Na sauke jug da kofi a gabansa, na zagaya ta bayansa kamar zan gyara labule, na saki tiren ƙarfe a kan siminti. Ƙarar har maƙwabta. Akuyar Iya ta tsinke igiya ta yi cikin gida da gudu, ta kifar da ƙwaryar wake. Iya da take laɓe a bayan ƙofa tana jiran sakamako ita ma ta zabura ta yi salati. Shi kuwa juyowa kawai ya yi, ya ɗauki tiren ya juya shi gaba da baya, ya ce Allah ya sa ba ya cikin kayan da za a kai ni da su, don ya lotsa.

Ku ce min ya kamata hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba. Mai yawan fara'ar nan na fim nake ta tunawa. Sai ya zama yana ba ni dariya ina yi, a ƙasan raina kuma ina leƙen inda zai fashe.

Ana haka Baba ya ce kafin ya ba magabatansa izinin zuwa, yaron ya shigo ya gaida Iya. Iya ta kwana biyu tana shiri kamar ita za a aura. Ta sa aka share ɗakinta aka turara, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ɗaura zanenta na saƙi da ba ya fita sai da dalili. Gwaggo Jumai ma ta zo daga Nariya don kada a ba ta labari. Ni ina tsakar gida ina fifita wutar da ba ta buƙatar fifita.

Ya yi sallama ya shigo, shadda fara ƙal, ledar goro da turare a hannu. A ƙofar ɗakin Iya takalma ne a zube, silifas ɗin Gwaggo, na Umma, da na Iya mai ɗinki a gefe. Ya tsaya ya cire nasa. Na ga ya ɗan yi jim. Sai kawai ya sunkuya ya ɗauki takalman nasa, ya haɗa su ya maƙale a hammata, ya ɗaga labule ya shiga. Ya durƙusa har ƙasa, ya ajiye takalman a jikin gwiwarsa a kan sabuwar tabarmar Iya, ya ɗora hannu ɗaya a kai, ya fara gaisuwa.

Iya da ta tanadi tsokana cike da baki, wai za ta ce masa ga amaryarsa ta gaskiya nan, sai ta koma amsa gaisuwa da lafiya, lafiya, madalla. Ko goron ba ta duba ba. Bai daɗe ba ya tashi, ya sake maƙale abinsa ya fita, bai ko kalli inda nake ba.

Bai kai bakin titi ba Iya ta fara. Ta ce tun tana amarya take ɗakin nan, ko tsinke ba a taɓa nema an rasa ba, yau ga wani ya zo daga Kahu ya nuna mata gidan ɓarayi ya shigo. Ta ce hakimai ma sun cire takalmi a ƙofar nan sun tarar da abinsu. Gwaggo Jumai ta ce ita ba ta ga sata a ciki ba, rowa ta gani da son abin duniya, mutumin da ba zai iya rabuwa da takalmi na minti biyar ba yaya zai yi da cefane. Da Baba ya dawo daga kasuwa aka mayar masa, ya ja carbinsa, sannan ya ce shi ba zai ba da 'yarsa inda mahaifiyarsa ta ji an raina ta ba. Ya ce ranar Juma'a zai aika Kahu a ce su dakata.

Na shige ɗaki na kifa kaina a filo. Kuma ku ji wautata, ko sau ɗaya ban haɗa takalmin nan da daji ba. Ta ina zan haɗa? Ba a taɓa nuna sufeto da takalmi a hammata ba. Ni ma raini na gani, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauki waya na rubuta masa, "Mu ɓarayi ne a gidanmu?" Alama ta nuna ya karanta. Na jira amsa mai ban haushi da ban dariya irin tasa, shiru.

Washegari bayan azahar aka ce ana sallama da ni. Na zura hijabi a kan kayan aikin gida na fita, hannuna duk jan lalle. Yana zaune a zaure da kayan kasuwa, ɓawon albasa a kafaɗarsa, ba hula. Takalmansa suna gefensa a bakin tabarma. A lokacin ne na tuna kullum a nan suke. Duk zaman da muka yi a zauren nan suna jikinsa, ban taɓa lura ba, don zaure ne, kowa yana ajiye nasa inda ya ga dama.

Na zauna nesa da shi na haɗe rai. Ya murza yatsunsa ya fara magana.

"Ranar da suka tare mu, kafin su tambayi waya, kafin su tambayi sunan kowa, takalma suka fara karɓa. Suka tara su a gefen titi. Wanda ba shi da takalmi ba ya gudu a dajin nan, Afra'u. Haka muka yi ta tafiya a kan ƙaya da tsakuwa da kututturen ciyawar da aka ƙone."

Ya ce dukan ya manta, yunwar ma ta bi ruwa, har mutanen ya bar su da Allah. Yana barcinsa, yana cin tuwonsa, ya koma bin hanyar ma da mota. Abu ɗaya ne ya ƙi tafiya. In ya cire takalmi ya ajiye inda idonsa ba ya gani, sai tafin ƙafarsa ya ɗauki zafi, kunnensa ya toshe, ya daina fahimtar abin da ake faɗa masa. A masallaci ba wanda ya taɓa ganewa, tunda kowa yana sa nasa a leda ya ajiye a gabansa. A ɗakin mahaifiyarsa kuwa tuni ta ajiye masa kwando daga ciki. Ya ce jiya tun daga Kahu yake yi wa kansa huɗuba a kan zai bar su a ƙofar Iya, da ya zo wurin bai san lokacin da hannunsa ya ɗauka ba.

Na ce to me ya hana shi gaya min tun farko.

"Kin tambaye ni madubi, kin tambaye ni ruwan sama, kin jefar min da tire. Lubabatu ma tana kallon sufeton nan naku, na san shi. Na ga wani mutum kike nema daban, na ce bari in bar ki ki gama nemansa tukuna."

Kunya ta rufe ni, na ja hijabi na rufe fuska, dariya da kuka suka haɗe min a wuri ɗaya. Ni da nake cin abinci da ƙafafun mutane, ni da nake gane amaryar da ta sha surfe daga ganin dunduniyarta, ban taɓa tambayar me ya sa saurayina yake sa safa a tsakiyar bazara ba. Ya ce tabo ne a tafin, ba kyan gani, shi ya sa.

Sannan na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce dariyar nan tasa fa, rufi ce?

Ya yi murmushi har wushiryar ta fito. "Dariyar tawa ce tun kafin daji. Ita ba su karɓa ba."

Kafin ya tafi ya ce in ina so in gaya wa Iya, amma ban da Gwaggo Jumai, don yana so labarin ya tsaya a Rano kada ya riga shi isa Kibiya.

Na samu Iya a gindin bishiyar zogale tana tsinke ganye a faifai. Na zauna na mayar mata tas. Hannunta ya tsaya. Sannan ta ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ta ci gaba da tsinkar ganye, can ta tambaye ni ko na taɓa ganin ta a bakin rijiyar gidan nan. Na yi tunani, ban taɓa ba. Tun ina ƙarama ni ake aikawa ɗibar mata ruwa, har ina gunaguni a raina wai tsohuwar nan son jiki gare ta. Ta ce kafin Baba ta haifi wani, yana rarrafe rijiya ta ci shi a tsohon gidansu. Tun daga shekarar ba ta ƙara leƙa rijiya ba, kuma ba ta fasa madubin kowa ba, ta yi 'ya'yanta ta yi jikoki, ta ci goronta.

Na matsa na ɗora kaina a kafaɗarta. Ta ture ni ta ce in tashi kada in zubar mata da zogale. Sai kuma ta yi tsaki ta ce ita dama sufeton nan ai ta san maƙaryaci ne tun ranar da ta ga yana wasa da ruwa.

Da Baba ya dawo ta kira shi ɗakinta ta saki labule. Na yi shara a ƙofar har sau biyu ban ji komai ba. Ya fito fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya ce wa Umma a gaya wa yarinyar nan ta sanar da yaron yana son ganinsa bayan sallar Juma'a. Na bi Iya da tambaya, ta ce ita ba ta ba da labarin ƙarshen fim.

Na tura wa Uzairu. Ya ce zai zo, kuma wannan karon ko zai mutu a waje zai bar su. Na ce ba sai ya wahalar da kansa ba. Ya ce ba zai zauna a gaban Baba da takalmi a cinya ba, in aurena ne kuɗinsa gumi to zai biya.

Ranar Juma'a ko abinci ban iya ci ba. Baba yana da shigifa a bayan zaure inda yake ganin baƙi, da darduma a ƙasa da labule mai kauri a ƙofa. Tana da 'yar taga ta baya da take kallon madafa. Ana saukowa daga masallaci na je na maƙale a jikinta. Ban daɗe ba na ji ana ture ni da gwiwar hannu, Iya ce ta jawo turmi ta kifa ta hau. Haka muka jeru kamar muna gaban talabijin.

Ya zo da shaddar nan ruwan sararin sama. Ta gefen gini na hango shi ya cire takalman, ya jera su, ya tsaya a kansu kamar mai sallama da ɗan uwa a tasha. Sannan ya shiga, labule ya faɗo a bayansa.

Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya ce ya zauna. Aka fara da damina da kasuwar albasa. Amsa biyu na farko sun fita daidai. Daga nan na ga gumi ya fara tsattsafo masa a goshi, yana gangarowa ta gefen hula. Idonsa yana kan Baba amma yana zamewa zuwa labule. Yatsun ƙafarsa suna ta dunƙulewa a cikin safa. Baba ya ce yaya mutanen Kahu, Uzairu ya ce amin. Baba ya ce mahaifinsa har yanzu yana noman gyaɗa? Ya ce lafiya lau. Zuciyata ta tsinke, na ce shi ke nan, yanzu Baba zai ce bayan raini har da rashin hankali. Na kama zanen Iya na riƙe.

Baba ya dube shi na ɗan lokaci. Sai ya ajiye carbinsa ya miƙe, ya ɗaga labule ya fita. Baban nan nawa da ko butarsa sai an ɗaukar masa, na ga ya sunkuya da babbar rigarsa ta Juma'a ya ɗauki takalman saurayina da hannunsa. Ya buga su da juna ƙura ta zube, ya shigo da su, ya ajiye a kan darduma a jikin gwiwar Uzairu.

Uzairu ya zabura zai tashi, yana cewa subhanallahi Baba, Baba don Allah. Baba ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi.

"Ɗora hannunka a kai mu yi magana kamar mutane. A gidan nan inda ka zauna nan takalminka zai zauna." Ya koma mazauninsa ya ɗauki carbi. "Ka gaya wa magabatanka su zo, ina jiransu."

Uzairu ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba, hannunsa a kan takalmi, kafaɗarsa tana ɗan motsi. Na riga na yi alkawari ba zan ce ya yi kuka ba. Shi dai daga baya ya ce min albasa ce, sana'a ce take bin mutum har gidan surukai. Iya ma ta sauko daga turmi tana goge ido da bakin zane, wai hayaƙin madafa ne, alhali ba a hura wuta ba. Ni kam ban da abin fakewa, na shige ɗakin Umma na faɗa jikinta. Ta ce in ɗaga ta ni, ba ta son shirme, amma ba ta ture ni ba.

Kafin ya tafi Iya ta aika a shigo da shi. Wannan karon da kanta ta ajiye faifai a cikin ɗaki ta nuna masa da baki. Duk tsokanar da ta tanada tun ranar farko ta juye masa, shi ma ya rama, har Umma da take kunyar suruki sai da aka ji dariyarta daga madafa. Gwaggo Jumai har yau ba ta san me ya juya Iya ba, tana can tana gaya wa mutanen Nariya wai yaron ya iya addu'a.

Bayan la'asar muka koma gaban talabijin. Ba a yi nisa ba sufeto ya sake naushin wani madubin. Iya ta girgiza kai ta ce, bawan Allah, kai dai ba ka samu mai ɗauko maka takalminka ba ne. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara.

"Lubabatu za ta shiga Kano haɗa lefe. Lamba nawa kike sawa a takalmi?"

Na karanta a fili don Iya ta ji. Ta ce a fara rubuta nata, tunda ita aka yi wa laifi. Na rubuta nata, na rubuta nawa, na tura. Alama ta nuna yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Har na ɗauka caji ne ya ƙare masa, sai ga shi ya shigo.

"Wata rana zan bar nawa a ƙofar ɗakinki in shiga haka. Ba yanzu ba. Amma wata rana."

Na daɗe ina kallon saƙon, Iya tana ta zungurina in karanta mata. Wannan ban karanta mata ba. Na goge idona da bayan hannu na rubuta masa, "Ba sauri. Kafin nan na sa kwando a cikin kayan ɗakina."